Man mota daga karan hatsi: wa zai ci riba, wa zai rasa a Damargu?

Idan mai karatu bai manta ba, a cikin watan Maris na shekarar 2025 an shiga wani hali na ƙarancin esansi a ƙasar nan, inda direbobi da ƴan kabu-kabu suka yi ta yini a layi a gidajen mai tun daga Yamai har Damagaram, alhali kuwa ga matatar SORAZ nan zaune a Bakin Birji cikin gundumar Tanut, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 domin ta riƙa tace ganga dubu 20 a kowace rana. Dalilin bai ɓuya ga kowa ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, man ƴan ruwa-ruwa da ya daɗe yana rufa mana asiri ya yi tsada ya ja baya, sa'an nan gwamnatinmu ta sauke kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yuli na 2024, sai kowa ya garzayo gidan mai a lokaci guda, abin da ya fi ƙarfin matatar.

A cikin waɗannan kwanaki ne wani mai sauraro daga wajen Belbeji ya bugo mana waya a shirinmu na rediyo, ya ce ya ji a wata tashar waje cewa Turawa suna yin man mota da karan masara, to mu da muke da karan hatsi iya ganin ido, me muke jira? Mun yi dariya a ranar, shi ma ya yi. Amma daga baya muka ga tambayar ba ta dariya ba ce, domin in yau mai sauraro ne ya yi ta, gobe mai jaka ne zai sauka daga jirgi da ita a rubuce, da sunan taimakon talaka. Gara mu san lissafin tun kafin ya iso, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko dai, maganar gaskiya ce, ana yi, kuma ba siddabaru ba ne. Duk wanda ya taɓa shan raken Matamaye ko ya tauna takanda yana yaro ya san akwai sukari a cikin kara. A rake da takanda sukarin a sake yake cikin ruwa, da an matse sai ya fito, a zuba masa yisti irin na masu burodi ya tsima, a dafa a tara tururin, sai a sami abin da ake kira etanol, wato dai alkol ɗin nan da ake goge fata da shi a likita kafin allura. Shi ake gauraya wa esansi. Da haka ƙasar Brazil take tuƙa motocinta tun shirin da ta kafa a 1975, Amurka kuma tana yin nata da ƙwayar masara. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, busasshen karan hatsi da in ka tauna sai ka ji kamar itace, shi ma fiye da rabinsa sukari ne. Ɗaure shi kawai aka yi.

Masana sun ce abu uku ne a jikin kara. Akwai selulos, wanda ƙwayoyin sukari ne dubbai aka jera kamar carbi, aka murɗe su kamar igiya. Shi ne zaren auduga, shi ne takardar da kuke riƙe da ita. Akwai ɗan'uwansa hemiselulos, mai ɗauke da wani irin sukari dabam da yistin burodi ba ya ci. Sai kuma lignin, wanda ya lulluɓe su duka kamar yadda ake yaɓe rumbu da laka, kuma shi ne yake sa kara ya tsaya cak iska ba ta kayar da shi ba, ƙwari ba su cinye shi ba. A taƙaice, an halicci kara ne domin ya ƙi narkewa. Aikin da masana suke ta fama da shi tun bayan tashin kuɗin mai na 1973 shi ne neman hanyar fasa wannan yaɓe, a kwance igiyar, ba tare da kuɗin aikin ya fi kuɗin man ba.

Yadda ake yi a masana'anta shi ne, a daddatse karan, a tura shi cikin wata ƙatuwar tukunya ta ƙarfe, a hura masa tururi mai zafin da ya kusa ninka na tafasasshen ruwa, wani lokaci haɗe da ɗan asid, sa'an nan a buɗe bakin tukunyar farat ɗaya, karan ya tarwatse ya zama kamar dusa jiƙaƙƙiya. Bayan haka sai a zuba masa wasu sinadarai masu rai da ake kira enzim, dangin abin da ke cikin yawun bakinmu yake mai da tuwo zaƙi in an daɗe ana taunawa. Su ne suke bin igiyar nan suna tsinka ta ƙwaya-ƙwaya na tsawon kwanaki har ta koma ruwan sukari. Daga nan sai yisti ya karɓi aiki.

Asalin waɗannan sinadarai abin mamaki ne. A lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon sun ga tantunansu na auduga suna ruɓewa da wuri. Da aka bincika sai aka tarar wata funfuna ce take cinye zaren. Aka ɗauke ta zuwa ɗakin binciken sojoji na garin Natick, inda Elwyn Reese da Mary Mandels suka yi shekaru suna nazarinta, har aka raɗa mata suna Trichoderma reesei. Jikokin wannan funfuna ne manyan kamfanoni irin su Novozymes na ƙasar Danmak, wanda ya koma Novonesis a 2024, suke kiwo a cikin tankuna suna sayar da abin da take fitarwa. Mai karatu ya lura da wannan: sinadarin da aikin ya dogara a kansa ba a yin sa a Nijar, ba a yin sa a Najeriya, saye ake yi da kuɗin waje.

Wurin da gizo yake saƙa shi ne daidaita wutar. In zafi ya yi yawa, wani sashe na sukarin sai ya ƙone ya zama guba mai kashe yisti. In ya yi kaɗan, yaɓen bai fashe ba, enzim ba ta sami ƙofa ba, sai an ƙara zuba ta, ga ta da tsada. Shi kansa lignin yana kama enzim ya riƙe ta kamar danƙo. Kowane kara kuma da halinsa: ma'aunin da ya yi daidai da karan alkama ba zai yi daidai da na dawa ba, kai, ko na bana da na bara ba ɗaya ba ne. Duk macen da ta san dahuwar wake ta fahimci wannan, wanda ya kwana biyu a rumbu ba ya jin kanwa kamar sabo.

To, su da suka gwada yaya suka ƙare? A 2007 majalisar Amurka ta yi doka cewa kafin shekarar 2022 ta wuce a riƙa samar da galan biliyan 16 na irin wannan mai a shekara. Da 2022 ta zo, ko kashi 5 cikin ɗari ba a kai ba, kuma mafi yawan ɗan abin da aka samu iskar gaz ce ta juji da kashin shanu, ba etanol na kara ba. Masana'antar kamfanin Abengoa da aka buɗe a jihar Kansas a 2014 ta tsaya a 2015. Ta DuPont a jihar Iowa an buɗe ta a 2015, aka rufe a 2017. Ta POET da DSM, ita ma a Iowa, ta jure daga 2014 zuwa 2019. A Turai, kamfanin Clariant ya gina tasa a Podari ta ƙasar Romaniya, ya sanar da rufe ta a watan Disamba na 2023, tun fentin jikinta bai kode ba. Waɗannan fa ƙasashe ne masu kwalta har bakin gona, masu wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, masu ruwa.

Inda abin ya ɗan tsaya da ƙafarsa wuri biyu ne, kuma su ne suka fi koya mana darasi. A Brazil kamfanin Raízen ya ƙaddamar da wata babbar masana'anta a Guariba a watan Mayu na 2024, mai ƙarfin lita miliyan 82 a shekara, amma tukar rake take ci, wadda dama tana nan jibge a ƙofar injin sukari, ba sai an je neman ta ba. A Indiya kuwa, firaminista Narendra Modi ya buɗe ta garin Panipat a watan Agusta na 2022, domin manoman wannan yanki ƙone tattakar shinkafa suke yi bayan girbi, hayaƙin ya turnuƙe birnin Delhi. Ke nan a wuraren nan biyu kara shara ne, neman kai ake yi da shi.

Abin tambaya a nan shi ne, a Damargu kara shara ne?

Duk wanda ya bi hanyar Tanut ko ya gangara kwarin Tarka bayan kaka ya san amsa. Tun ba a gama kai damman hatsi rumbu ba ake sare kara ana tarawa a kan rumfuna, a kan soro, a cokulan itatuwa, inda bakin akuya ba ya kaiwa. Da shi ake danne gida, da shi ake rufin rumfa, da shi mata suke hura wuta inda itace ya yi nisa, tokarsa ma ba a zubarwa. Uwa uba, shi ne abincin bisashe tun daga lokacin da haki ya ƙare a daji har saukar damana. A watannin Afrilu da Mayu da Yuni, ku je kasuwar Belbeji ko ta Bakin Birji ku ga amalanken kara da harawa, ku ji yadda ake ciniki a kansu kamar ana sayen hatsi. Waɗanda suka ga shekarar 2010 ba za su manta ba, lokacin da mushen shanu ya cika bakin rijiyoyi, makiyayi yana ba da saniya a kuɗin da bai kai na buhun dusa biyu ko uku ba. Rashin abin da za ta tauna ne ya kashe ta, ba wata cuta ba.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman masu abin. Masana'antar Podari an tsara ta ne ta ci tan dubu 250 na karan alkama a shekara, ta ba da tan dubu 50 na etanol, wato kimanin lita miliyan 63. A gonakinmu na tudu, inda ruwan sama da kyar yake kai milimita 300 a shekarar da aka saba, hekta guda ba ta cika wuce tan ɗaya zuwa biyu na kara ba. Ke nan kafin a ciyar da masana'anta ɗaya tak, sai an share gonaki hekta dubu 125 zuwa dubu 250, a bar su tas kamar tafin hannu. Me za a samu? Ganga dubu 20 ta Bakin Birji ta haura lita miliyan 3 na ɗanyen mai a rana. Abin da waccan masana'anta za ta tara a shekara cur, bai wuce yawan abin da yake shiga matatarmu a kwana 20 ba, ga shi kuma litar etanol kashi biyu cikin uku kawai take da shi na ƙarfin litar esansi. Saboda man kwana 20 za mu ɗauke abincin bisashen gundumomi biyu?

Ba dabba kaɗai za ta ji a jikinta ba, har da ƙasar noma. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, a shekarun 1990, ya nuna cewa in aka bar tan biyu na kara shimfiɗe a kan hekta guda, yashin da iska take kwashewa yana raguwa da kusan rabi, kuma hatsi yana ƙara yabanya. Manoman Damargu sun san haka tun kafin a auna: gindin kara ne yake tare ƙurar hunturu mai taki, shi ne yake kare ɗan tsiro daga guguwar farkon damana mai binne shuka. Matsalarmu a yau ita ce karan ba ya isa a raba tsakanin dabba da murhu da gona, kuma kullum gona ce take tashi a tutar babu. In mai saye na huɗu ya shigo, mai kuɗi, mai babbar mota, to gona da saniyar talaka su ne za su fara ficewa daga layi.

Akwai kuma zaman lafiya, wanda ba a saye a kasuwa. Iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata ta ratsa wannan yanki ne, inda Bahaushe da Badagire da Buzu da Bafillace suke shan rijiya ɗaya. Tsohuwar yarjejeniyar da ke tsakaninsu mai sauƙi ce: bayan girbi a saki gonaki, garke ya shiga ya ci kara, ya bar taki. Tun da kara ya zama kuɗi wannan yarjejeniya take rauni, domin makiyayi yana gangarowa ranar sakin gonaki ya tarar an riga an kwashe komai. Shi ya sa dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu, 2010 ta tsoma baki har a kan yadda ake tara haki a daji. Kowane mai gari da kowane hakimi a nan ya san shari'u nawa yake yi a kan ɓarna tsakanin Nuwamba da Janairu. Ba mu ga hikimar ƙara musu wasu ba.

Sauran matsalolin ba sai mun daɗe a kansu ba. Masana'antar tana shan ruwa mai yawa, a yankin da ake jan guga da raƙumi ko jakuna saboda zurfin rijiya. Kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka wahalar da injiniyoyin Amurka da Brazil shi ne ƙasa da tsakuwa da suke biyo kara, suna cinye ƙarfen injin kamar fayil. In yashin Iowa ya gagare su, Allah ya kai su Tanut a watan Janairu.

To shin sai mu ce wannan ilimi ba ruwanmu da shi? A'a, kuma nan ne muke ganin magabata ya kamata su buɗe ido. Masana'antar da ake kashe biliyoyi a kanta, mu muna da ita miliyoyi, tana tafiya da ƙafa huɗu. Tumbin saniya tukunya ce mai ɗumi, cike da ƙananan halittu masu fitar da irin waɗancan sinadarai, suna kwance igiyar selulos dare da rana. Tuƙar da take yi kuwa ita ce daddatsawar. Abin da yake fitowa nono ne da nama da taki da ƙarfin jan amalanke, ba a sayo komai daga Danmak ba. Gara ma haka take yi a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa masu haƙa tassa a jahar Tawa suke zuba taki a rami su bar ta ta buɗe musu ƙasa. Amma ita ma saniya lignin ɗin nan ne yake tare mata hanya. Kara mai kauri tana cin ganyen da kan, ta bar gindin, wanda ta haɗiye ma kusan rabi yana fita bai narke ba.

Saboda haka duk dabarar da aka gano ta fasa yaɓen kara, saniya ce ta fi cancanta da ita kafin mota. Misali, Bruce Dale da abokan aikinsa sun ƙirƙiro hanyar jiƙa kara da sinadarin amoniya domin yin etanol, daga baya aka gwada karan a kan shanu aka ga suna narkar da shi fiye da da. Ƙanwar wannan dabara tana nan a hannun malaman kiwonmu tun tuni: a narka kilo 5 na takin ure a cikin lita 50 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, a danne a rami ko a rumbun laka, a rufe ruf na mako biyu zuwa uku, a buɗe ya sha iska kafin a bai wa dabba. Takin yana rikiɗewa ya zama amoniya, ya tausasa karan, ya ƙara masa amfani. Sai dai a kula, ure da aka bai wa dabba haka nan tsagwaronsa guba ne, yana kisa. Ga kuma injin niƙan kara, wanda yake sa a cinye har gindin da ake zubarwa, da dunƙulen abincin dabbobi da cibiyar INRAN ta daɗe tana koyarwa, inda ake haɗa niƙaƙƙen kara da dusa da gishiri da ƴaƴan gawo a matse a shanya. Masu binciken iri ma suna da dawa da hatsi masu jan jijiyar ganye, waɗanda lignin ɗinsu kaɗan ne; masu etanol suna son su, shanu ma suna son su, ko da yake karansu ya fi saurin kwanciya in iska ta yi ƙarfi, abin da ba ƙarami ba ne a wurinmu.

In kuwa lalle sai an yi makamashi da tsiro, to a nemi wanda ba mai so. Ga garmani nan ta mamaye burtali da makiyaya a jahohin Maradi da Damagaram, dabbobi suna ratsa ta suna wucewa. Ga kacalla ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru a maƙwabta. Ko su ɗin ma, mayar da su gawayin girki ya fi kusa da hannunmu a kan etanol, kamar yadda aka gwada da kacalla a bakin kogin Senegal. Muna faɗin haka ne da tunanin abin da ya faru a wajajen 2007 da 2008, lokacin da aka cika Afirka da labarin binidazugu, aka ce itacen da ba ya son ruwa ne zai mai da manomi mai rijiyar mai. Manoma da yawa a ƙasashe irin su Mali da Tanzaniya da Mozambik sun ba da gonaki da guminsu, ƴaƴan ba su zo yadda aka yi alkawari ba, kamfanoni suka naɗe tabarma. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ga mai sauraronmu na Belbeji, wanda muka yi wa alkawarin amsa, ga ta: ana yin mai da kara, amma karanka ya fi tsada a bakin sanka fiye da a tankin wani. Abin da ya dace mu riƙa tambayar mahukuntan Tarka da na Tanut da ma'aikatar kiwo a kai shi ne, injin niƙan kara nawa ne suke aiki a kasuwanninmu a yau, nawa ne suka mutu saboda rashin ɗan ƙarfen da za a sauya, kuma wa aka koya wa gyaransu. Injin irin wannan amalanke ɗaya yana ɗaukarsa daga ƙauye zuwa ƙauye, maƙeran Damagaram da Maradi suna iya ƙera jikinsa, gazuwal ɗin da zai tada shi kuwa a Bakin Birji ake tace shi.